Murmushin da Hamisu ya bar min

Shekara bakwai ke nan da ƙanena Hamisu ya bar Sabha, garin nan na tsakiyar sahara da muke ci-rani, ya nufi bakin teku, jirgin roban da ya shiga kuma bai kai ko'ina ba. Ba mu da kabarin da za mu ziyarta. Duk shekara in kakar dabino ta zagayo, lokacin da ya tafi, sai in samu kaina ina sake bin maganar daga farko, kamar mai neman allura a cikin rairayi.

Ni dillalin dabino ne. Da hannuna biyu kawai na zo garin nan daga Maigatari, na yi dako, na yi gadi, har Allah ya sa yau nake saye a gonakin Zighan ina lodawa zuwa kudu. Ban yi boko ba, jarina ido ne. Mai gona na buɗe baki na san inda zai tsaya, mai saye na juya baya na san ko zai dawo. Labarin zuciya a tambayi fuska, da wannan na ci abinci, da shi kuma na yi alfahari.

Hamisu ya biyo ni da wata irin zuciya mai wuyar zama. Yau kai ne masoyinsa na duniya, gobe don ba ka amsa sallamarsa da ƙarfi ba ya gama yanke cewa ka tsane shi. Ya yi faɗa da kusan duk wanda ya haɗa ɗaki da shi a unguwar Tayuri. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Daga baya wani magini ɗan Damagaram ya kai shi wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, Basudane, a wani ƙaramin asibiti.

Likitan nan ba ya ba da ƙwaya. Duk Alhamis su zauna, Hamisu ya kawo abin da ya ɓata masa rai a makon, likita ya tsayar da shi: me ka ji a lokacin? Me kake zaton shi wancan yake ji? Ba wani dalili da zai iya sa shi yin haka in ba ƙiyayya ba? Wai koya masa yake ya duba cikin kansa, ya kuma tuna cewa cikin wani a rufe yake, sai an tambaya.

Kuma abin ya fara kama shi, yanzu na yarda. Wata rana na dawo daga Zighan rai a ɓace, ban kula shi ba. Da a da ne, da ya tattara kayansa ya bar shagona da yake taya ni aiki. Sai ya matso a hankali ya ce, "Yaya, fushi kake da ni, ko gajiya ce?" Gajiya ce. Amma akwai mutane a shagon, sai na yi dariya na ce su zo su ga wanda Basudane ya mayar ɗan jarida. Aka yi ta dariya. Shi ma ya ɗan yi.

Sau ɗaya na bi shi, don likita ya nace. Ya tambaye ni me nake ganin Hamisu yake ji a zaunen nan. Ban ko kalle shi ba na ce sangarta ce da ƙyuya. Likita ya ce, "Alhaji, ka tabbata, ko ka taɓa tambayarsa?" Na ji haushi ƙwarai. Ni da nake karanta Larabawa da 'yan ƙabilar Tubawa a kasuwa, za a ce ban san wanda na goya ba? A hanya na gaya wa Hamisu zuwan ya ƙare. Alhamis ranar lodi ce, kuma a ganina ciwon da ba a sha masa magani ba ciwo ba ne.

Bai yi musu ba. Wata biyu yana aiki ba faɗa, ba ƙorafi. Ranar ƙarshe ya riga ni zuwa shago, ya share, ya jera buhuna, ya haɗa min shayi yana murmushi. Na dubi fuskarsa na ce wa maƙwabcina, ka gani, aiki ne maganinsa. Da azahar ya ce zai je aski.

Da yana nan yau, ban san me zai ce ba, kuma wannan karon ba zan yi saurin cewa na sani ba. Asibitin an rufe shi, likitan ya bar ƙasar. Tayuri ta ƙara cika da samarin da sahara da gidajen tsare baƙi suka tauna suka tofar. Suna zaune a inuwar bulo, wani ya kalli wani a zaro wuƙa, kowa ya tabbata ya san abin da ke ran ɗan'uwansa. Ba mai tsayar da su ya ce, dakata, wataƙila ba haka ba ne. Ni ma da na sani ba na iyawa. Na gwada da wani ɗan garinmu, ya ce ko ni ɗan leƙen asiri ne. Da-na-sani ƙeya ce, ba ta koya wa mutum aikin likita.

In an auna abin da ya rage na Hamisu, ba shi da yawa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Ya bar ni da idon da har gobe ba ya kuskure a kan buhun dabino, amma na daina yarda da shi a kan mutum. Ban san ko Turai ya nufa da gaske ba, ko kuwa ya gaji ne, bai damu da ko jirgi ya kai ko kada ya kai ba.

Innarmu ta tsufa, ido ya tafi. Duk sanda na kira gida, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: ranar da ya tafi, yana cikin walwala? Nakan ce mata eh, Inna, yana murmushi. Ba ƙarya nake mata ba. Sai ta ce alhamdulillahi, ta miƙa wa jikarta wayar.

Allah ya jiƙan Hamisu, Shi da ya san abin da ke ƙarƙashin murmushin.