Gada a Gindin Kanya

Na haura shekara hamsin lokacin da yayana ya yanke shawarar sayar wa masu gawayi kanyar da ke bakin gonarmu ta gado, can bayan Bungudu. A rumfata ta hatsi a Gusau ya same ni ina auna masara, ya faɗa mini kamar yana ba ni labarin ruwan jiya.

Na ce ban yarda ba. A kan kanyar nan Baba ya koya mini harbi. Yakan ɗaure itace huɗu tsakanin rassa ya yi ɗan gado, mu zauna da kwari da baka muna jiran gada ta zo cin 'ya'yan da suka zubo.

"Wace gada kuma, Alhaji?" in ji Yaya. "Iccen nan dawa kawai yake kashe mini da inuwa. Kuma da wannan tumbin za ka hau? Ai reshen sai ya kai ka ƙara."

Maƙwabtan rumfa suka bushe da dariya. Na ajiye tiya. Na ce ya ba ni mako guda. In na harbo gada daga kan kanyar, ba mai kai mata gatari. In na kasa, ni zan yi saran farko. Ya ce ya ji, kowa shaida ne.

Maganar bindiga ba ta taso ba. A zamanin nan ƙara ɗaya a bakin daji ta isa ta watsa ƙauye. Na sauko da bakan Baba daga rufin ɗaki, na je Tsafe wani tsohon maƙeri ya wasa mini kibau uku, na ɗaura sabuwar tsirkiya.

Hawan ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Safiyar farko, bayan asuba, ban ga komai ba sai kurege. Ta biyu gada ta fito daga ciyawa, ta tsaya nesa, ta ɗaga hanci, ta juya abinta. Ban motsa ba, ban yi tari ba. Sai da na sunsuna hannun rigata na gane. Turare ne. Tun da na kafa rumfa ban taɓa fita gida ba turare ba, kuma matata Hajiya ta turara har tsohuwar rigar da na zaɓa don farautar. Nan na tuna Baba a turken awaki yake rataye tasa.

Haka na yi. Na rataye ta a turken Yaya kwana biyu, na daina wanka da sabulu. Matarsa ta toshe hanci ta ce, "Alhaji guda, ka zama bunsuru saboda icce?" Na ce mata ta tanadi yaji.

Ran kwana na shida, iska na buso mini a fuska, gadar ta dawo. Ta sunkuya tana tsintar kanya daidai ƙasana. Na ja baka, kafaɗata kamar za ta tsinke. Na yi bisimilla na saki. Ta yi tsalle biyu ta faɗi. Dole in iske ta da rai in yanka, don haka ban sauko ba, zamowa na yi, ɓawon iccen ya kwashe mini fatar ciki. Na same ta tana shure-shure, na sa wuƙa.

A al'adar maharba, mai noma gonar shi ke da cinya. Na kai wa Yaya tasa har zaure. Ya juya ta, ya taɓe baki.

"Ƙarama ce."

"Ba mu yi da kai a kan girma ba, Yaya."

Da hantsi masu gawayi suka iso da gaturansu. Ya dube su, ya dubi jinin da ke rigata, ya ce su koma, cinikin ya tashi.

Kanyar tana nan. Tabon ma yana nan a tumbin da aka yi wa dariya, kuma duk wanda ya musa a kasuwa, ɗaga masa riga nake yi.