Ruwan da Na Ba Aloberar Baba

Mahaifina, Baba Manu, shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da furanni a wani gidan saukar baƙi a Birnin Kudu. Da ƙarfinsa ya ƙare aka sallame shi, ya dawo Maruta a bayan ɗan acaɓa, rungume da tukunyar ƙasa. A cikinta akwai ɗan tsiron alobera mai ɗigo-ɗigon fari, bai kai tafin hannu ba. Abin da ya tsira da shi ke nan.

Mutanen garinmu ba su san shukar da ba a ci ba. Sai su leƙo, su tambayi yaushe za ta yi 'ya'ya, su fita suna dariya. Shi kuwa ya haɗa mata yashi da tsakuwa, ya huda gindin tukunyar, ya ɗora ta kan wani tsagaggen turmi inda hantsi ke bugawa. Ya ce idan aka bar ganyenta ya cika, za ta fitar da kara mai jan fure. Sau ɗaya ya taɓa gani a wurin aiki, kuma yana so ya sake gani kafin ya koma ga Allah.

Sai mata suka gano ɗacinta yana yaye yaro. Nan fa sallama ta yawaita. A Maruta ba a hana magani, amma Baba ya hana. Har ƙanwarsa, Inna Azumi, ta zo da wuƙarta saboda jikanta.

"Yaya, ganye ɗaya tak."

"Azumi, ki nemi maɗaci. Wannan ba ta kai ba."

Wata uku ba ta taka gidanmu ba. Aka sa masa suna Mai Rowar Ganye. Ni ce mai rama masa, kuma bakina ba ya ciwo. Na yi cacar baki a bakin rijiya har na gaji.

A shekara ta huɗu, bayan girbi, kan karan ya fara leƙowa daga tsakiyarta. A makon ne ciwon ƙirji ya kayar da Baba, yayana Salihu ya tafi da shi asibiti a Birnin Kudu. Ana sa shi a mota ya ce, "Rukayya, ki kula mini da ita."

Ni 'yar manoma ce, a wurinmu kula da shuka ruwa ne. Safe da yamma nake kwarara mata, kamar tumatirin lambu. Da na ga ruwan yana zurarewa a banza, na yagi tsohon ɗankwalina na toshe hudar. Shekara huɗu muna gida ɗaya, ban taɓa lura cewa sai ƙasar ta bushe ƙayau yake ba ta ruwa ba. Ina can ina faɗa da mutane.

Bayan kwana goma sha tara ya dawo. Ko zama bai yi ba ya nufi turmin. Yana taɓa ta, ganyen ya biyo hannunsa, ya ruɓe, yana wari. Ya karkata tukunyar, ya zaro tsumman, ya gane shi. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

"Kira mini Azumi," ya ce. "Ta zo ta duba ko akwai ganyen da za ta ɗauka."

Jikan nata tuni aka yaye shi, har yana gudu a ƙofar gida. Duk da haka ta zo, ta duba, babu ko ɗaya.

Baba bai kai damina ba. Har yau mutane cewa suke rowarsa ce ta kashe shukar, ni kuwa mai bakin nan ban taɓa gyara musu zancen ba.