Sunan da Ɗanmalam Bai Taɓa Kira Ba

Duk wanda ya saba shiga motar Kibiya zuwa Kano ya san Ɗanmalam direba, Allah ya jiƙansa. Dogo ne, siriri, mai farar fijo da ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai an dafa ta da gwiwa. Tare muka tashi da shi a Fammar, tare muka yi kiwon awaki, kuma a tasha ɗaya muka tsufa. Ban san ya taɓa yi wa fasinja tsawa ba. Ko lokacin da aka kawo shari'a aka ce a raba maza da mata a mota, shi bai sha wahala ba, don tun asali kujerar baya ta iyaye mata ce a motarsa, kuma ba ya tayar da ita sai ya waiwaya ya ce, "Iya, kun zauna daidai?"

Da yaron mota ya fara, ya yi shekaru yana ɗaure buhunan dawa da kwandunan tumatir kafin ya kama sitiyari. Ya auri Fulera, Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Na'ima. Ita ce 'yar fari, su kuwa gidansu gidan alkunya ne na gaske. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Ana yaye ta, yayarsa Lami ta ɗauke ta zuwa Dawaki. Tun daga nan sunanta a bakinsa ya zama "'yar Dawaki".

Son da yake mata sai ya riƙa bi ta bayan gida. In ya dawo daga Kano ya kan ratse ya ajiye ƙunshi a zauren Lami, ya ce, "Yaya, ga wannan, ko akwai yaran da za su so." Yarinya ɗaya ce tak a gidan. Ranar da ta samu makarantar koyon aikin jinya, shi ya kai ta Kano cikin fasinjoji. Wata tsohuwa ta tambaye shi 'yar wace ce wannan mai hankali haka, ya ce ta wasu mutanen Dawaki ce. Na'ima ta rufe baki da gyale tana dariya. Shi kuwa har suka shiga gari idonsa na kan kwalta.

Ta gama, ta yi aure, aiki ya kai su Yola ita da mijinta. Duk saƙon da ke tsakaninta da iyayenta ta bakin Lami yake bi. Sai Lami ta rasu. Fulera ta fi shi kunya, ko muryar yarinyar ta ji a waya sai ta miƙa wa maƙwabciya. Shi ma in ta kira, daga "lafiya lau" sai "madalla", sai ya ce ana lodi. Haka aka zauna, kowa na kewar kowa, babu mai kai magana.

Na'ima ce ta aiko masa da waya mai ɗaukar hoto. Ya kai wa Zailani, wani magidanci mai rumfar gyaran waya da caji a bakin tashar Rano, ya saita masa yadda ake tura hoto daga lamba zuwa lamba. Ya sa aka ajiye lambarta da sunan "Dawaki". Hoton farko da ya tura, tsamiyar ƙofar gidan Lami ce. Bai rubuta komai ba. Can sai ga amsa: "Na gani, Baba."

Shi ke nan Ɗanmalam ya samu baki. Dawa ta fitar da kai, ya tura. Akuyar Fulera ta haifi tagwaye, ya tura. An yi ruwan farko a kan duwatsun Rano, ya tsayar da mota cike da mutane ya fita ya ɗauka. Hotunan ƙanana ne, dishi-dishi, wani ya tafi, wani ya maƙale a hanya bayan an cinye masa kati. Direbobi suka sa shi a gaba.

"Ɗanmalam, wai budurwa ka yi a Yola?"

"Ƙwarai. Ta fi naku hankali."

"To me ka tura mata yau, kashin jaki?"

"Hotonka na tura. Ta ce a gaishe da jakin."

Ana haka wani kututturen kara ya soke shi a tafin ƙafar hagu, a gona. Yana da ciwon suga, ya sani, amma bai ɗauki abin da zafi ba. Ya fasa kafso ya barbaɗa, ya ɗaure da tsumma, ya koma mota. Ƙafar hagu kuwa ita ke taka kuloci. Kuma shekarar ce aka cika hanyar Kano da shingaye bayan tashin bama-bamai, mota ta matsa taku biyu ta tsaya, ta matsa ta tsaya, direba na taka kuloci yana saki tun hantsi har azahar. In ya dawo Kibiya da yamma sai ya zauna a bencin mai shayi ya miƙe ƙafar. Ciwo ya ƙi rufuwa, ya zama gyambo.

Wata mata 'yar Dawaki da ta ga yana ɗingishi ita ta kai labari Yola. Na'ima ta rubuto ta ce ya ɗauki ƙafar ya turo mata, za ta nuna wa likita. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya kwance tsumman a bayan tasha ya ɗauka ya tura. Ta amsa cewa hoton ya zo, amma ba a ganin komai sai wani duhu kamar tabon laka. Ta ce irin wannan saƙon matse hoto yake yi kafin ya iso. Ya je wurin mai gyaran waya a buɗe masa imel, wayar tana iyawa, ta nan hoto ke zuwa da cikarsa. Ta rubuto masa adireshinta.

Ya je wurin Zailani ranar da rumfar ke cike da masu jiran caji. Zailani ya buɗe masa imel ɗin, ya karɓi wayar yana duba adireshin, sai ya karanta a fili.

"Na'ima Ɗanmalam. Baba, ashe 'yarka ce?"

Ɗanmalam ya dubi ƙasa. Ashe adireshin nan ba lamba ba ce, sunanta ne ɗungurungum, ga nasa manne a jiki.

"'Yar wata yayata ce," in ji shi.

"To ai da sauƙi. Duk sanda za ka tura, sai ka rubuta sunan nan a sama."

"Ni zan rubuta?"

"Ko in ajiye maka shi, kana buɗewa ka gan shi."

"Ba a iya sa Dawaki?"

"Ko an sa, Baba, sunan na nan a ƙarƙashi. Kawo mu ga hoton."

Zailani ya jona wayar da tsohuwar kwamfutarsa don ya duba ko hoton ya fita sosai. Ƙafar ta cika fuskar kwamfutar. Ɗanmalam bai taɓa ganin tafin ƙafarsa haka ba, don kullum a karkace yake leƙa shi. Bakin ciwon ya yi fari, tsakiyarsa rami, yatsu biyu sun fara baƙi. Wani cikin masu jiran caji ya ce subhanallahi a hankali.

Abu biyu suka zo masa a lokaci ɗaya. In ta ga wannan, ta raba shi da mota ke nan. Sannan yarinyar da bai taɓa yarda sun haɗa ido ba, yau abin da zai fara ajiye mata a gaba da cikarsa, ruɓaɓɓiyar ƙafa ce.

"Rufe," ya ce. "Kada ka tura."

"Baba, wannan fa ba ta jira ba ce."

"Na ji. Ba ni wayata, ana lodi."

Da ya koma gida ya wanke ƙafar, ya sa sabon bandeji, ya ba da nisa ya ɗauka a inuwa, ya tura ta tsohuwar hanya. Ta tambayi imel, ya rubuta mata kalma biyu da ɗan bokon da ya iya: "Ba sabis." Ta sake tambaya, ya tura mata hoton gero. Ta ce za ta zo, ya tura hoton kansa tsaye a jikin mota, daga nesa, ƙafar cikin takalmi. A ɗan ƙaramin hoton nan lafiyayyen mutum ne. Tana da tsohon ciki a lokacin, hanyar Yola kuma ba daɗi, sai ta haƙura ta aiko da magunguna.

Mun yi masa magana, Fulera ta yi, Zailani ma duk sanda fijon ta tsaya a Rano sai ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, hoton nan yana nan fa." Amsarsa ɗaya ce, da sauƙi. Na sha ganinsa a bencin mai shayi ya buɗe imel ɗin, ya danna harafin farko, ya danna na biyu, ya tsaya yana kallo, sai ya goge. Damina ta wuce a haka. Fasinjoji suka fara sauke gilashi saboda warin ƙafar. Ya lura.

Ranar wata kasuwar Kibiya, an gama lodi, ya taka kuloci ƙafar ta ƙi. Bai ji zafi ba, bai ji komai ba, kamar ba tasa ba. Ya zauna riƙe da sitiyari, mata a baya suna jira ya tambaye su ko sun zauna daidai. Sai ya fito ya ba wani direba makulli, ya ce mini in kai shi Rano.

A rumfar Zailani ya zauna a benci ya kwance bandejin da kansa, a gaban kowa.

"Ɗauki sabo. Ka tura ta inda yake zuwa da cikarsa."

Zailani ya ɗauki ƙafar. Ya ja da baya ya ɗauke shi gaba ɗaya har fuska, Ɗanmalam bai hana ba. Sannan ya shiga lalube a wayar.

"Baba, adireshin fa? Ba na ganin saƙon."

"Na goge shi tuni."

"To ka tuna?"

Ɗanmalam ya share gumi da hularsa.

"Na'ima," ya ce. Zailani bai ji ba, ya matso da kunne. "Na'ima Ɗanmalam. A haɗe ake rubutawa. 'Yata ce."

Ba a yi sallar la'asar ba sai da ta kira. Bai ce ana lodi ba. Ya riƙe wayar a kunne yana sauraron kukanta, yana cewa, "To. To. Na ji."

Ta iso da jaririnta a baya, ta kai shi asibiti a Kano. Likitoci suka ce da an zo tun farkon damina da yatsu kawai za a cire. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ita ta yi jinyarsa, ita ke wanke shi, ita ke juya shi, shi kuwa yana kallon bango. A gabanta bai sake kiran sunan ba. In ta fita sai ya tambaye ni, "'Yar Dawaki ta ci abinci kuwa?" Ciwon ya riga ya shiga jini. Ya dawo gida ya ga kaka, ya sa aka fito da shi ƙofar gida ya ga an shigo da dawa, bai kai ƙarshen shekara ba.

Hotunan da ya yi ta tura mata, tsamiya da akuya da ruwan farko, duk sun tafi da tsohuwar wayarta da ta faɗa a bokiti. Biyun nan na imel kaɗai suka rage. Ta goge na ƙafar, ta sa aka wanke ɗayan. A hoton yana zaune a bencin Zailani, hula a hannu, ya gaji, yana kallon mai ɗauka sosai.

Bayan sadakar bakwai, za ta koma Yola, ta ce in tsaya da ita a tashar Rano. Ta tsaya a bakin rumfar, suka gaisa da Zailani, ya yi mata ta'aziyya.

"Malam Zailani, an ce ya faɗi sunana a nan."

"Ya faɗa, Hajiya. Sau biyu."

"Yaya ya faɗe shi?"

Zailani ya dube ni, amma babu wanda ya iya kwaikwayon muryar a cikinmu. Sai ya nuna mata bencin ya ce a nan yake zaune. Ta zauna a wurin da yaron a cinyarta, har motar Kano da za ta fara hawa ta cika aka aiko kiranta.