Hanyar Dutsena a Filin Makaranta

Abin da na fara gani da na shiga filin makarantarmu a Samaru ranar nan shi ne zobba na toka, ɗaya cikin ɗaya, irin tokar da ake zana layin tsere da ita. Malamar kimiyya ta kafa turke a tsakiya ta ce shi ne rana. Ranar da iyaye za su zo, kowace ɗaliba za ta tsaya a kan zobenta ta yi bayanin duniyarta. Manyan duniyoyi duk masu baki suka kwashe. Ni ina aji ɗaya, ba a taɓa jin muryata a taro ba, sai aka miƙo mini tsakuwa.

"Ke dutse ce mai zagaya rana, can bayan duniyar Mas, kusa da ɓangaren duniyar Jufita," in ji Malama. "Ki riƙe kawai, ba sai kin yi magana ba."

Wata ta ce, "An huta da ke, bebiya!" Aka yi dariya.

A takardar da Malama ta ba ni na karanta cewa faɗin dutsen ya fi tafiyar Samaru zuwa Sabon Gari, kuma sai ya haura shekara biyar yake zagaye rana sau ɗaya. Na lissafa: kafin ya dawo inda yake yau, ina ajin ƙarshe. Amma hoton da ke takardar ne ya dame ni. Hanyarsa ta ɗan miƙe kamar ƙwai, ranar ma ba ta tsakiya, alhali zoben da aka zana mini daidai yake kamar faifai.

Kwana biyu ina riƙe da maganar. A rana ta uku na kai wa Baba abinci shagonsa na kafinta a Sabon Gari, na tarar zai yanka tebur mai siffar ƙwai. Ya buga ƙusa biyu a katako, ya rataya musu zare ɗaure baki da baki, ya ja da fensir yana zagayawa, sai ga siffar ƙwai ta fito. Na tsaya da kwanon a hannu har sai da ya ce, "Uwata, tuwon na kallo ne?"

Washegari na zo da ƙusoshi biyu dogaye da igiyar shanyar Mama. Kafin a kaɗa ƙararrawa na soma zanawa a gefen fili, hannuna duk toka. Ban ji zuwan Malama ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Babana," na ce, da ƙyar.

Ta bi layin da ƙafa har ƙarshe, ta ce a share tsohon zoben a zana wannan a wurinsa, turken rana ya zama ƙusa ɗaya. Ta juya za ta tafi, na bi ta.

"Malama, don Allah ranar ki bar ni in yi bayanin da bakina."