Adaidaita Marar Rumfa

Kawu mai faci ya shekara ashirin a bakin tashar Kazaure, bai taɓa ganin babur irin wannan ba. Ƙafa uku gare shi, biyu a baya, faɗinsa ya kusa gadon amarya, ga rediyo na tashi. Mai shi dattijo ne, ya sha baƙar rigar fata cikin wannan zafi, gumi na tsiyaya daga hular kwanonsa. Yana goge madubi da hankici yana satar kallon masu kallonsa. A ganin Kawu, ma'aikaci ne da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana mafarkin wannan rana.

Sai ga wata tsohuwa da zakara a hammata. Ba ta tambayi kowa ba, ta dafa kafaɗar dattijon ta haye kujerar baya.

"Gwiwa za ni, ɗan nan. Ka gaya wa mai keken ya sa masa rumfa."

"Inna, wannan ba adaidaita ba ne. Daga Turai..."

"Ƙafarsa nawa?"

"Uku."

"To mu je mana, kada kasuwa ta watse."

Dattijon ya dubi Kawu yana neman ceto. Kawu ya duƙufa kan tayarsa. Da dattijon ya rasa yadda zai yi, sai ya cire hular kwanon ya miƙa mata cikin ladabi. Ta juya ta, ta yaba zurfinta, ta zaunar da zakaran a ciki.

Yana tayar da injin, Kawu ya kasa daurewa, ya ɗaga murya: "Gwiwa, saura mutum ɗaya!"