Rakiyar Awa Biyu

"Yaro, duba min a wayarka, daga wannan ƙauyen zuwa Winnipeg tafiyar awa nawa ce?"

Wani dattijo Bakano ne ya tare ni da tambayar nan yau bayan an sauko Juma'a a Masallacin Huaisheng da ke nan birnin Guangzhou. Ya miƙo min takarda mai sunan ƙauyen, ɗaya hannun kuma leda ce cike da kayan sanyin jarirai.

Ashe 'yarsa ce ke aikin jinya can ƙuryar arewacin Kanada, ga ta da cikin fari. Garin babu ɗakin haihuwa, idan watan haihuwa ya kama sai a sa mace a jirgi ta je birnin Winnipeg ta jira. Jibi za ta tashi ita kaɗai, mijinta bai samu hutu ba.

Na duba na ce, "Baba, ko hanyar mota babu. Sai jirgi, wajen awa biyu."

Ya ce, "Da a gida ne, ɗakin uwarta za ta je goyon ciki. Da kaina zan kai ta."

Ya faɗa min lokacin tashinta, na lissafa masa da agogon Guangzhou. Lokacin ya faɗo daidai bayan Asuba.

Nan take fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. Ba zan tashi daga kan sallaya ba sai ta sauka. Awa biyu ai ba ta fi ƙarfin rakiya ba."

Har na iso unguwar Xiaobei maganar na raina. Sau nawa na hau jirgi ina zaton ni kaɗai ne?

Ku fa, wa ke raka ku daga kan sallaya? Allah ya sauke 'yar dattijon nan lafiya.