Mama Adelaide, Wadda Ba Ta da Benci

Da safiyar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina kan babur zan tafi makaranta aka tsayar da ni a unguwar Nyanshegu da labarin rasuwarki, Mama Adelaide. An ce kin jiƙa masarar dokunu, tuwon nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, kamar kullum, kika jingina da bango don ki huta, Ubangiji ya kira ki.

Daga Kudu kika zo Tamale tun kina amarya, kika tarar da ƙaramar ikkilisiyarmu kowa ya kama gefensa: masu jin yaren Tuwi a dama, Ewe a hagu, 'yan Arewa a baya kusa da ƙofa. Ba wanda ya kafa dokar, haka dai muka saba. Ke kaɗai ce ba ki da benci. Wannan Lahadin kina cikin Ewe, mai zuwa kina baya tsakanin matan unguwar Gumani da suka taka keke tun daga gona. In fasto ya yi nisa cikin Turanci, sai a ji ki ƙasa-ƙasa kina juya wa na kusa da ke da Hausar kasuwa. Na taɓa yi miki gyara, kika ce, “Ticha, bar ni. Hausana ya karye, amma wannan mata ya ji wa'azi.”

Lokacin da Yidana, manomin da ke buga mana ganga, ya kwanta ciwo ana tsakiyar damina, ba ki nemi taro ba. Kin tsaya a bakin ƙofa bayan sujada, kika riƙa kamo samarina na zumuntar matasa ɗaya-ɗaya, 'ya'yan ma'aikata waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, kika loda su a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa gonarsa. Sun dawo hannuwa duk kanta, suna waƙa da yaren Dagbani da ba su san ma'anarta ba. Tun da ya warke, Yidana ya daina zama a baya. Ko maƙwabciyarki Hajiya Sanatu, wadda ke duba miki wuta ranar Lahadi ke kuma ki tsare mata shago ranar Juma'a, ta san sunayen marasa lafiyarmu, domin da kwanonta ake kai musu koko.

Na karanta littattafai kan yadda ikkilisiya ke rayuwa, amma a wurinki na ga abin da ido: a san juna, a ji juna, kada wani ya shigo ya fita ba a taɓa hannunsa ba.

Duk shekara ana kawo shawarar raba sujada, kowane yare da lokacinsa, duk shekara kina miƙewa ki ce a'a. Ga shi dattawa za su sake zama a kanta ranar Lahadi. Sena, ɗaya daga cikin 'yan matan zumuntar matasa, wadda mahaifinta Ewe ne mahaifiyarta Badagomba, ta same ni bayan jana'iza ta ce, “Ticha, in an raba, ni wanne zan je? Na Baba ko na Mma?” Na juya kamar zan ce ta tambaye ki.

Majami'ar ta yi mini faɗi, Mama. Mutane cike, amma kowa ya koma gefensa. Zan miƙe a gaban dattawa domin Sena da irinta, ko da ni kaɗai ne.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki cikin jinƙansa, ya ba ki hutawa a gabansa. Ya ta'azantar da ɗanki Frederick da iyalinsa, da Hajiya Sanatu, da zumuntar mata. Mu kuma da kika bari, ya riƙe mu a ɗaki ɗaya. Amin.

Ticha Richmond
Zumuntar Matasa, Nyanshegu